Neman zaman 'yan'uwa masu daina giya a Zariya: tambayoyin da ake yawan yi min da amsoshinsu

Assalamu alaikum. Ni ɗan Tudun Wada ne, nan aka haife ni nan na girma, kuma na yi shekara goma sha ɗaya ina shan giya a ɓoye, ina tauna kanumfari kafin in shiga gida, ina tsayawa a sahun ƙarshe a masallaci don kar na kusa da ni ya ji wari. Yau shekara huɗu da 'yan watanni ban kai ta bakina ba, Alhamdulillah, kuma bayan ikon Allah abin da ya riƙe ni mutane ne irina da muke zama muna faɗa wa juna gaskiya. Tun da wasu suka san haka ake ta tambayata, galibi da daddare, galibi da "wani abokina ne yake da matsalar". Ba komai, ni ma da abokina na fara. Ga tambayoyin da suka fi yawa na tara su wuri ɗaya.

Wai menene ma wannan zaman da kake ta magana a kai?

Mutane ne da giya ta taɓa wahalar da su suke haɗuwa, sati-sati ko fiye, kowa ya faɗi halin da yake ciki, sauran su saurara. Ba lakca ba ce, ba wa'azi ba ne, babu likita a gaba yana rubutu. Wanda ya shekara biyar bai sha ba yana zaune kusa da wanda jiya-jiya ya sha, kujerarsu iri ɗaya.

Wanda aka fi sani a duniya shi ne Alcoholics Anonymous, AA a taƙaice, ma'ana mashaya da ba a bayyana sunansu. A 1935 aka fara shi a garin Akron na jihar Ohio a Amurka, mutum biyu ne kacal, Bill W. ɗan kasuwar hannun jari da Dr. Bob likitan fiɗa, dukkansu giya ta gama da su, sai suka lura in suna magana da juna sha'awar tana lafawa. Daga nan aka samu matakai 12 da suke bi. Sharaɗin shiga guda ɗaya ne, kana son ka daina sha. Akwai kuma Narcotics Anonymous, NA a taƙaice, na masu ƙwaya da sauran kayan maye da aka fara a 1953, akwai SMART Recovery na 1994 wanda shi ba ya kawo maganar addini sam, dabarun sarrafa tunani da sha'awa yake koyarwa. Kuma ba ji-ta-ji-ta ba ne, a 2020 masana na Cochrane, wata ƙungiya mai tantance binciken lafiya, sun tattara bincike 27 suka ga tsarin AA yana taimaka wa mutane su tsaya ba sha daidai da sauran hanyoyin magani, a wasu wuraren ma ya fi.

Na gaji wallahi, daga yau na daina. In zubar da abin da ya rage kawai in fara neman zaman?

Dan Allah ɗan'uwa tsaya ka karanta wannan da kyau, duk cikin amsoshin nan babu wanda ya kai shi muhimmanci a wurina. In kai mai sha ne kullum, ko ka kai matakin da in gari ya waye hannunka na rawa sai ka ɗan kurɓa yake tsayawa, to kar ka yanke lokaci ɗaya kai kaɗai a ɗaki. Giya ba kaman sigari ba ce, yanke ta farat ɗaya yana iya kashe mutum.

Yadda abin yake, jiki ya saba giya na danne ƙwaƙwalwa kullum, shi ma sai ya ƙara wuta don ya daidaita, ranar da ka cire giyar sai wutar ta rage ita kaɗai ba mai danne ta. Daga awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe ake fara karkarwa, gumi, amai, bugun zuciya, rashin barci. Cikin kwana biyun farko wasu suna faɗuwa suna jijjiga kaman farfaɗiya. Wajen kwana na biyu zuwa na uku wasu ke shiga wanda ya fi haɗari, mutum ya rikice bai san inda yake ba, yana ganin abubuwan da babu su, zazzaɓi ya rufe shi, mu a gida sai mu ce aljanu ne a tafi neman mai ruƙiyya alhali asibiti yake buƙata a daren.

Ni na gwada yankewa ni kaɗai. Safiya ta biyu na je wajen mai shayi, ya miƙo min kofi, wallahi da hannu biyu na riƙe amma shayin yana zuba a kan wandona, yaron mai shayin yana kallona, na ajiye kofin na ce zafi ne ya yi yawa. Kafin azahar na koma na sha, ba don daɗi ba, don jikina ya tsaya. Sai daga baya na gane ba raunin imani ba ne kaɗai, jiki ne ya kamu. A asibiti akwai maganin da suke bayarwa na 'yan kwanaki yana saukar da mutum a hankali, suna haɗawa da bitamin B1 saboda giya na cinye shi kuma rashinsa na taɓa ƙwaƙwalwa. Kar ka je kemis ka sayi maganin barci da kanka ka ce za ka yi irin nasu, sai ka fita daga wani rami ka faɗa wani. Likita tukuna, sannan zama.

To a nan Zariya ta ina zan fara nema?

Irin wannan zaman ba a kafa masa allo a bakin titi, ba a shelarsa a rediyo, sirri shi ne jarinsa. Ta bakin mutane ake samunsa, kuma mutanen da suka fi sani su ne waɗanda mashaya ke zuwa hannunsu.

Ka fara da Shika, asibitin koyarwa na ABU, can gaba da Samaru a hanyar Funtuwa. Akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa da halayyar ɗan Adam. Na san abin da zuciyarka ta ce, "ni ba mahaukaci ba ne", to ba mahaukata kaɗai suke gani ba, masu damuwa da masu rashin barci da masu shaye-shaye duk nan suke zuwa, kuma a kan benci babu wanda ya san abin da ya kawo wani. In ka shiga wajen likita kar ka rage adadi, in kwalba shida ce kar ka ce biyu, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bayan ya gama duba ka sai ka tambaye shi kai tsaye: "Likita, akwai zaman da masu irin matsalata suke yi, ko wani da ya daina da za ka haɗa ni da shi?" Ka tambayi nas-nas ɗin sashen ma, da ma'aikatan walwala na asibitin, sau da yawa su suka fi sanin wa da wa ke haɗuwa. In Shika ta yi maka nisa ka fara da asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan ko na Wusasa, ka nemi su rubuta maka takardar turawa.

A Kaduna kuma akwai asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Barnawa, suna da ɓangaren masu shaye-shaye, ana kwantar da mutum a yi masa magani kuma ana zaman rukuni a ciki. Kilomita tamanin ne ko kusa da haka, ka hau mota da safe ka dawo da yamma. Gwamnatin jiha ma tana da hukumar da ke kula da shaye-shaye da lafiyar ƙwaƙwalwa, KADSAMHSA. Ita ma NDLEA da muke gani 'yan kamu ne kawai tana da masu ba da shawara, kuma tun 2022 suna da layin kira kyauta, 0800 1020 3040, kana iya kira ka tambaya inda za ka dosa.

Sai limamai da fastoci. Ba kowanne ba, ka san su ai, ka zaɓi wanda ka taɓa gani yana riƙe sirri, wanda ba zai mai da labarinka huɗubar Juma'a ko wa'azin Lahadi ba. Wasu coci-coci da wasu malamai sun daɗe suna jan matasa irinmu a jiki, sun san wanda ya daina.

Adireshin inda mu muke zama ba zan rubuta a nan ba, ba rowa ba ce, amanar mutane ce.

Ta waya fa, akwai?

Akwai sosai, kuma shi ne mafi sauri, yau da daddare ma za ka iya shiga. Ka rubuta Online Intergroup of Alcoholics Anonymous a Google, jerin zama ne ta Zoom dare da rana daga ƙasashe daban-daban. SMART Recovery ma suna da nasu. A Legas da Abuja akwai 'yan AA, in ka same su ka tambaye su ko sun san wani a Kaduna ko Zariya. Ka kashe kyamara, ka sa sunan da ba naka ba, ka saka iyafis ka saurara kawai, in ba bidiyo data ba ta tafiya da yawa. Ka lura da agogo, Landan daidai take da mu ko muna gabanta da awa ɗaya, Niyok kuma muna gabansu da awa biyar ko shida gwargwadon lokacin shekara.

Matsalar dai turanci ne, kuma turancin nasu da sauri. Sannan gaskiya baturen da ke wata ƙasa ba zai gane mene ne a ce surukinka ya gan ka kana fitowa daga lungu a Sabon Gari ba. Amma ƙarfe biyun dare, sha'awa ta taso ba kowa, da babu gara ba daɗi.

Ni musulmi ne, ba abin Kiristoci ba ne wannan?

Asalin AA ya fito ne daga cikin wata ƙungiyar Kiristoci, wannan gaskiya ne ba sai an ɓoye ba, kuma a wasu zaman suna rufewa da addu'arsu. Amma AA ba coci ba ce, ba ta neman ka canza addini, cewa suke kowa ya dogara ga Ubangiji yadda ya san Shi, kai ka san naka, Allah ne Shi kaɗai. In sun zo addu'ar da ba taka ba ka yi shiru ka yi taka a zuci. Musulman Amurka ma sun kafa nasu a Baltimore a 1989, Millati Islami, suka gina matakan a kan Alƙur'ani da sunna. A Iran kuwa zaman NA ya yaɗu ƙwarai. In ka duba matakan da kanka, amincewa ka kasa kai kaɗai, komawa ga Allah, binciken kai, neman yafiyar waɗanda ka zalunta da mayar musu da haƙƙinsu, ai duk sharuɗɗan tuba ne da muka karanta a makarantar Islamiyya.

Abin da ya taɓa sa ni kuka shi ne hadisin nan na Bukhari, wani sahabi da ake ta kawowa gaban Annabi (SAW) saboda sha, wani ya tsine masa, Annabi ya hana, ya ce ai mutumin yana son Allah da ManzonSa. Shi kansa haramcin giyar a mataki-mataki ya sauka, Baƙara, sannan Nisa'i, sannan Ma'ida ta rufe ƙofar. A zamanmu akwai musulmi akwai kirista, in an kira magariba mu tashi mu yi sallah su jira mu, ba a taɓa samun matsala ba.

Amma Malam ai an ce kar mutum ya tona zunubin da Allah Ya rufa masa asiri?

Wannan ta daɗe tana damuna ni ma. Ni ba malami ba ne, ka je ka tambayi malamin da ka yarda da iliminsa. Fahimtar da na samu ita ce abin da aka hana shi ne alfahari da saɓo, a wayi gari kana ba da labari a majalisa ana dariya. Wanda ya je wajen likita ko wajen masu taimakonsa ya ce ga cutata ku taimake ni, neman magani yake. Kuma a zaman ba a buƙatar ka zayyana duk abin da ka aikata, ka faɗi abin da zai taimake ka ka bar sauran tsakaninka da Ubangijinka.

In na shiga na tarar da wanda ya san ni fa? Zariya ƙarama ce.

Ƙarama ce kam, daga Kwangila zuwa Ƙofar Doka da wuya ka wuce ba ka gaisa da wani ba. Amma duk wanda ka tarar a ciki abin da ya kawo ka shi ya kawo shi, tsoron da kake ji shi ma yana ji. Doka ce abin da aka faɗa a ɗakin ya tsaya a ɗakin, ba hoto, ba ɗaukar murya, sunan farko kawai ko laƙabi. In kun haɗu a kasuwar Sabon Gari yana tare da iyalinsa gaisuwa ce kawai ka wuce. Kuma ɗan'uwa bari in faɗa maka abin da ni aka faɗa min, da yawan waɗanda kake ɓoye wa sun riga sun sani, matarka ta sani, mahaifiyarka ta sani, shiru kawai suke yi suna addu'a.

Nawa ake biya?

Ko sisi. Wani lokaci a ɗan yi karo-karo na shayi ko kuɗin wurin, wanda ba shi da shi ba a kallonsa. Asibiti ne ke da kuɗin kati da na magani.

Ranar farko me zan ce?

Ba dole ka ce komai ba. Ni ranar farko kujerun roba shida ne da fulas ɗin shayi a ƙasa, na zauna kusa da ƙofa don in samu hanyar gudu. Wani dattijo tsohon direban tirela ya fara magana, ya ce shi lokacin da ya fi tsoro a rana shi ne bayan isha'i, in an watse daga masallaci kowa ya nufi gida shi sai ƙafarsa ta nufi wani wuri tun kafin zuciyarsa ta yanke shawara. Na ɗago kai na kalle shi, don ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba kuma shi ne ainihin halina. Da aka zo kaina na ce "ni dai saurare na zo", suka ce sannu da zuwa, aka wuce. Da za a tashi dattijon ya ba ni lambarsa ya ce "ɗana, kafin ka sha ka kira ni, ba bayan ka sha ba". Su AA sifonsa suke ce wa irin wannan mutumin, mu jagora muke cewa. Ka je sau biyar ko shida kafin ka yanke hukunci ko zaman ya dace da kai.

Ni mace ce, ina zan sa kaina?

'Yar'uwa na san naki ya ninka namu nauyi, namiji in ya daina a ce ya shiryu, mace ko ta daina sai a yi ta nuna ta. Ki fara da asibiti ki nemi ganin likita mace ko nas mace in hakan ya fi miki, a intanet kuma akwai zaman mata zalla. Jagorarki ta zama mace, kar ki yarda wani namiji ya ce zai riƙa ganinki ke kaɗai da sunan taimako. In kina da ciki ki gaya wa likita da wuri, giya na cutar da ɗan da ke ciki.

'Yan'uwa sun ce a kai shi gidan mari kawai a huta.

Dan Allah a'a. Ku tuna watan Satumba na 2019 da 'yan sanda suka fitar da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka. Sarƙa tana hana mutum zuwa mashaya amma ba ta cire masa abin daga zuciya, ranar da aka kwance shi zai fito da sha'awarsa da kuma ƙiyayyar waɗanda suka kai shi. Sannan ga haɗarin da na faɗa a sama, a kulle mai sha kullum ba likita, yana iya mutuwa a kwana na uku. Duk wurin da ake duka, ko ake hana iyali ganin mutum, ko aka ce a kawo kuɗi masu yawa za a ba shi wani ruwa ya warke cikin sati ɗaya, ku guje shi. Addu'a da ruƙiyya ta shari'a ba sa faɗa da asibiti, a haɗa su.

Mijina ne ke sha, ko ɗana. Ni zan iya zuwa?

Akwai zaman da AA ke buɗewa ga kowa, akwai wanda na mashaya ne kaɗai, sai ki tambaya kafin ki shiga. Iyalai kuma suna da nasu, Al-Anon, tun 1951, matar Bill W. ɗin nan Lois tana cikin waɗanda suka kafa shi, kuma ana samunsa a intanet. Ba ke kika jawo ba, ba kuma za ki iya daina masa ba. Ki daina biya masa bashin mashaya, ki daina yi masa ƙarya a wajen aiki, ki yi masa magana da safe lokacin da idonsa yake biyu ba lokacin da ya shigo a buge ba. In yana dukanki ko yaran to wannan magana ce daban, ki sanar da magabatanki ki kare kanki.

Na yi wata uku sai na koma. Da wane ido zan kalle su?

Da idon da ka kalle su ranar farko. Ni sau biyu na koma a shekarar farko, na biyun a bikin wani aboki ne, na ce kofi ɗaya, na farka bayan kwana huɗu. Da na dawo ba wanda ya yi min faɗa, tambayata suka yi me ya faru kafin kofin, da muka bi sawu sai ga shi sati uku na daina zuwa zama, na koma zama a tsohuwar majalisata ina cewa lemo kawai zan sha. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ka gaya wa likitanka ma, akwai magunguna irin su naltrexone da ke rage sha'awar, likita ne ke rubutawa bayan ya duba hanta. In komawar ta yi kwanaki kana sha sosai, kar ka sake yankewa kai kaɗai.

Na nema ban samu na kusa da ni ba. Za mu iya fara namu?

Ƙwarai kuwa, namu ma haka ya fara. A ƙa'idar AA ma mutum biyu ko uku da suka haɗu don su daina sha sun isa zama. Ka gaya wa likitanka ko nas cewa in akwai wani majiyyaci da ke son haka a ba shi lambarka in ya yarda. Ku samu wuri mai rufin asiri, aji a makaranta bayan an tashi da izinin mai ita, ko shagon ɗayanku bayan an rufe, ko zauren da ba a yawan wucewa. Ku tsayar da rana ɗaya da lokaci ɗaya kar ku riƙa canzawa, ko mutum ɗaya ne ya zo a buɗe, kuma ku zaɓi lokacin da kuka saba fita sha, mu daren Juma'a da na Asabar ne suka fi mana haɗari shi ya sa muka ɗauki Asabar bayan magariba. Awa ɗaya ta isa. Mai magana ba a katse shi, ba a yi masa wa'azi, kowa kansa yake ba da labari, ba siyasa ba gardamar aƙida, ba a ba juna rance. Wanda ya zo a buge a zaunar da shi a ba shi ruwa ya saurara, a raka shi gida, magana sai wani satin. Ku buɗe gurup na WhatsApp da sunan da ba zai ja ido ba, kuma ku ajiye lambar ɗan adaidaita ɗaya da kuka yarda da shi wanda zai ɗauka ko tsakar dare ne, saboda ranar da ɗayanku zai fara jijjiga a kai shi Shika ba tare da an tsaya neman abin hawa ba.